Idan Na Faɗo Daga Tsani

Assalamu alaikum 'yan uwana, tsofaffin masu bibiyata da waɗanda yau ne farkon shigowarsu. Na ga saƙonninku kuna cigiyata. Lafiyata ƙalau. Abin da ya ɓoye ni shi na kawo muku yau, kuma na san kafin ku kai ƙarshe wasu za su ce Widad taurin kai ne da ita. Ku faɗa kawai, a gidanmu ma an faɗa.

Ga baƙi: ni ce Widad, 'yar Malam Gimba direban bas, a Longsight muke cikin Manchester. Ina 'yar firamare aka kawo ni daga Zariya. Sana'ata gyaran wutar lantarki, kuma ba na ƙarƙashin kowa, kaina nake yi wa aiki. Ina da farar motar aiki, wato van, mai sunana a gefe, tsani ɗaure a samanta. Yawancin masu kirana mata ne, irin waɗanda maigida ya fita aiki, wuta ta ɗauke a kicin, ba sa son baƙon namiji ya shigo musu gida. Na sha gyara soket matar gida tana tsaye a kaina, ɗankwali a karkace, tana ba ni labarin surukarta. Ina son aikin nan, ba zan ɓoye muku ba.

Sai Ameen. Mai haɗa magunguna ne a wani pharmacy a Perry Barr, can Birmingham. A gidan gwaggonsa muka haɗu, na je canza mata fuse box, akwatin da ke raba wutar gida, ya tsaya yana haska min tocila da rana tsaka alhali ba wanda ya ce masa akwai duhu. Magana ta yi nisa har manya suka shiga, aka tsayar da Asabar ɗin da danginsa za su zo gidanmu a sa rana.

Ana cikin haka Anti Clara ta faɗo.

Anti Clara 'yar Jos ce, mai fenti, ita ma kanta take yi wa aiki. Ta girme ni sosai. Ita ta koya min yadda ake faɗa wa kwastoma farashi ba tare da an sunkuyar da kai ba. Ranar muna aiki gida ɗaya a Levenshulme, ni ina ƙarƙashin matakala ina jan waya, ita tana sama kan tsani tana fentin silin, tana rera waƙar cocinsu da Hausa. Kawai sai waƙar ta yanke. Ƙarar da na ji bayan nan har yau ba ta bar kunnena ba.

Na tarar da ita a ƙasan matakalar, farin fenti ya wanke mata gefen fuska, ƙafarta ta dama ta kalli inda ƙafa ba ta kallo.

"Widad, kar ki taɓa ni," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kira ambulance. Ki kuma rufe bokitin nan kar ya bushe."

Diddigenta ya farfashe, ƙugunta ya tsage. Aka yi mata aiki, aka sa ƙarfe.

Da aka sallame ta na je flat ɗinta a Old Trafford da kular farfesun kaza da Umma ta dafa. Na same ta a kan kujera, ƙafar a miƙe kan filo, sandunan asibiti jingine da bango. Matar da ban taɓa gani zaune ba sai in tana tuƙi. Ta sha romon kaɗan ta ajiye cokali.

"Ƙanwata, kin san akwai kuɗin da gwamnati ke ba wanda ya nakasa a wurin aiki?"

"Na sani, Anti. Ai shi na ce ko kin nema."

"Na nema. Ba namu ba ne." Ta yi wata dariya marar daɗi. "Matar ta ce wa ya ɗauke ki aiki? Na ce ni na ɗauki kaina. Ta ce sorry, wannan na waɗanda ke ƙarƙashin kamfani ne, self-employed ba ya ciki. Sick pay, albashin jinya, ma haka. Ɗan tallafin gwamnati na Universal Credit aka nuna min, da shi nake lallaɓawa."

"To inshorarki fa?"

"Wacce? Irin wadda ni da ke muke biya? Wannan ta bangon mutane ce da kafet ɗinsu. In na ɓata wa wani gida za su biya shi. Ƙafata ba ta ciki."

Wallahi ni ma irinta gare ni, kuma duk shekarun nan ina hawa tsani da ƙarfin gwiwar cewa ina da inshora.

"Ina van ɗinki, Anti? Ban gan ta a ƙasa ba."

Ta kalli taga. "Na sayar."

Kuskuren da na yi shi ne na dawo gida na zazzage wa Umma komai a kicin, tana yanka alayyafo. Ta ajiye wuƙar ta dafe ƙirji.

"Innalillahi. Kina nufin ke ma in kin faɗo haka za a bar min ke?"

"Umma, zan nemi mafita."

"Wace mafita? Tun farko na ce ki yi nursing kamar 'ya'yan mutane."

Kafin magariba ta kira Hajiya Habibatu, mahaifiyar Ameen, don su biyun sun zama ƙawayen waya tun da aka fara maganarmu. Washegari saƙon Ameen ya shigo ina cikin wani rufi, ƙura har cikin hancina.

"Hajiya tana son ganinki ke da Umma ran Lahadi. Kawu yana da albishir."

Na rubuta masa: "Wane irin albishir?"

"Irin wanda zai sa in riƙa barci."

Ran Lahadi muka hau jirgin ƙasa daga tashar Piccadilly. Na sa abaya ruwan toka mai ɗinkin azurfa a hannu, da mayafi ruwan hoda. Umma ta sha atamfarta ta fita unguwa, ta kafa ɗauri kamar za ta biki. Ameen ya ɗauke mu a tashar New Street ta Birmingham. Ya sa farar shadda, hula a karye gefe, ya buɗe wa Umma ƙofa yana sunkuyar da kai, ni kuma ya saci kallona ta madubi har Umma ta yi gyaran murya.

Falon Hajiya Habibatu ya sha turaren wuta, an jera waina da miyar taushe a kan leda. Mace ce doguwa, marar yawan dariya, amma ta riƙe hannuna ta zaunar da ni kusa da ita. Bayan an ci abinci ta juyo.

"'Yata, zan gaya miki abin da ban cika faɗa ba. Baban Ameen tasi yake ja, motarsa ce, ba ya ƙarƙashin kowa. Da ciwo ya kwantar da shi, ranar da ya daina fita ranar komai ya tsaya. Na yi jinyarsa ina sharar ofisoshi da asuba, yara ƙanana. Har Allah ya karɓi abinsa ban huta ba. Na san ɗanɗanon abin nan. Ba na so ɗana ya san shi."

Jama'a, idona ya ciko. Ba mugunta ba ce ke magana, tsoro ne, kuma tsoron gaskiya.

Sai Kawu Maikano ya karɓa. Wan Hajiya ne, shi ya riƙe su Ameen bayan rasuwar mahaifinsu, yana da kamfanin gyaran gidaje a nan Perry Barr. Mutum ne mai fara'a, mai son a ji muryarsa.

"Magana ta ƙare, 'yata. Ni zan ɗauke ki aiki. Albashi duk wata, haraji ana cirewa tun daga sama, hutu, sick pay, fansho. Kamfani yana da inshorar ma'aikata. In wani abu ya same ki a bakin aiki, Allah ya kiyaye, kina cikin tsarin gwamnatin nan da aka hana ƙawarki. Ko ba haka ba?"

"Haka ne, Kawu. Na gode, Allah ya saka da alheri."

Da zuciya ɗaya na faɗa. A raina na ce to, sunana zai bar jikin van, amma hannuna zai ci gaba da taɓa waya. Zan iya haƙura da wannan saboda Ameen.

Kawu ya ce mu je ya nuna min wurin, ba nisa. Mu uku muka tafi da Ameen. Ya buɗe wani ofis a saman shago, ya kunna fitila, ya nuna min tebur kusa da taga. Kwamfuta, waya, da wata 'yar fulawar roba.

"Ga wurinki. Kira zai shigo, ke za ki riƙa tura yaran. Tunda kin san aikin ba wanda zai yi miki wayo."

Na kalli teburin, na kalli Ameen. Shi kuma ya kalli fulawar.

"Kawu, kayan aikina fa?"

"Ki sayar, da su da van ɗin. Ki ƙara a kayan ɗaki."

Na tattaro duk ladabin da Umma ta koya min. "Kawu, ka yi haƙuri da tambayata. In ka ɗauke ni a matsayin electrician, ina fita aiki kamar sauran, ai kariyar ɗaya ce. Zan shiga tsarin gwamnatin, kuma ina aikina."

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Haba 'yata. Matar Ameen a kan tsani a gidan mutane, da sunan kamfanina a bayanta? Me zan ce wa jama'a a masallaci? A'a. Tebur dai."

A nan na gane. An ba ni kariya daga faɗowa, amma da sharaɗin kar in sake hawa.

Muka koma wajen Umma, daga nan Ameen ya kai mu tasha muka shiga jirgi. Umma tana ta murna tana lissafa wa kanta alherin mutanen nan, har barci ya ɗauke ta kafin mu kai Wolverhampton. Na ciro waya na rubuta wa Ameen.

"Ka san tebur ne?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. "Na sani."

"Shi ne ba ka gaya min ba."

"Na san in na faɗa ba za ki zo ba. Widad, tun ranar da kika ba ni labarin Anti Clara, duk lokacin da wayata ta yi ƙara a wurin aiki gabana sai ya faɗi. Na ga Babana a kwance. I can't do that again."

"Na ji tsoronka, kuma ban raina shi ba. Amma da tsani ka gan ni ka ce kana so."

"Ke na gani, ba tsani ba."

"To ka ƙara dubawa, ni da tsanin tare muke."

Na kifa wayar a cinya ina kallon gonaki suna wucewa, hawaye na zuba, ina share su da gefen mayafi kar ya ɓata min kwalli. Kuka na yi, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma kafin mu shiga Stockport na riga na san abin da zan yi washegari.

Da hutun rana na faka van kusa da kasuwar Longsight, na kira wata dillaliyar inshora da wani abokin aiki ya ba ni lambarta. Na ce mata ina son irin wadda in rauni ko ciwo ya hana ni aiki za a riƙa biyana wani abu duk wata. Ta ce sunanta income protection, ta kuma ce in gyara zama don tambayoyin suna da yawa.

Ba ƙarya ta yi ba. Ina shan taba? Ina hawa sama, kuma tsayin ina? Ina shiga rufi? Na taɓa karaya? Na ce eh, ina sakandare na karye a tsintsiyar hannun hagu wajen wasan netball, kuma har yanzu in sanyi ya yi yana min tsami, na taɓa kai wa GP, likitan unguwarmu, kuka a kai. Zuciyata ta ce Widad, da kin yi shiru. Amma matar ta riga ta gargaɗe ni cewa abin da aka ɓoye yau shi zai sa a hana ni ranar da nake buƙata.

Da amsa ta dawo, ba ta zo da daɗi ba. Sun yarda za su karɓe ni, amma ban da hannun hagun nan: duk abin da ya taso daga tsohuwar karayar ba ruwansu. Kuma ba ranar da na kwanta za su fara biya ba, sai na yi watanni ina riƙe da kaina. Kuɗin wata kuwa, saboda aikina na hawa ne, sai da na sake tambayarta ko na ji daidai. Abin da nake warewa don kayan kicin ɗin aurena, shi zai tafi.

Na zauna a van ɗin ina kallon hannuna na hagu. Da shi nake riƙe tsani. A gefe guda ga teburin Kawu, babu rami ko ɗaya a cikinsa. A ɗaya gefen ga wannan, mai tsada, mai ɓuli a tsakiya.

Na kira Anti Clara, don na san ita ba za ta lallashe ni ba.

"Anti, in ke ce ni fa?"

"Ni yau in aka ba ni tebur da hannu biyu zan karɓa, har in yi godiya a coci," ta ce. "Amma ni ƙafata ta riga ta tafi. Ke taki tana nan. Ba zan zaɓa miki ba, ƙanwata. Abu ɗaya zan roƙe ki: kar ki sake taka tsani babu komai a bayanki. Ko teburin, ko inshorar."

Saura Abba. Na same shi ranar hutunsa da hantsi a bayan gida, yana tsugune gaban tukwanen tumatirinsa da ba su taɓa yin ja ba tun da muka zo ƙasar nan. Na durƙusa gefensa na ba shi labari tun daga fulawar roba har hannun hagu. Bai katse ni ba.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa min kafin a yi min laƙabi da Widad, "ni ma'aikaci ne. In bayana ya riƙe a kan sitiyari akwai wanda zai amsa. Na san daɗin wannan, ba zan ce miki ba komai ba ne."

"Na sani, Abba."

"Kuma ita inshorar nan, kin san malamai sun yi magana a kanta. Wasu sun hana, wasu sun yi sauƙi inda akwai larura. Kin tambaya?"

"Na tambayi malamarmu ta Islamiyya. Ta faɗa min saɓanin kamar yadda ka faɗa, ta ce in duba larurata tsakanina da Allah. Na yi istihara, Abba. Zuciyata ba ta kwanta da teburin ba."

Ya tsinke wani busasshen ganye yana murzawa. "In suka ce sun fasa fa?"

Na ce, "Zan yi kuka, Abba. Sosai ma. Amma in na zauna a teburin nan, kullum zan riƙa tura wasu aikin da na fi su iyawa, in dawo gida in kalli Ameen in tuna shi ya zaunar da ni. Ba na so in tsane shi. Gara in rasa shi ina sonsa."

Abba ya yar da ganyen. "Ba zan yi magana a madadinki ba ran Asabar. Amma zan sa a kira ki, ki faɗa da bakinki. Ki faɗa da ladabi."

A ranar na kira matar na ce na amince. Na buɗe wani asusu daban don watannin jiran nan, na sa masa abin da ya rage na kayan kicin. Na sayi sabon tsani mai faɗin ƙafa, na kai tsohon wurin zubar da ƙarafa. Umma ta daina min magana sai da ido. Na tura wa Ameen saƙo ɗaya: "Na ɗauki inshorar kaina. Ba zan karɓi aikin Kawu ba. Na gaya maka tun yanzu don kar ka ji a gaban mutane." Alama ta nuna ya karanta. Bai ce komai ba, har Asabar ta zo.

Gidanmu irin na Longsight ne, falo ɗan ƙarami, in mutum shida suka zauna gwiwoyi sai sun gaisa. Umma ta canza labule, ta yi dambun nama da fankasau da zoɓo mai citta. Na sa leshi ruwan zuma, ɗinkin riga da siket, na yafa babban mayafi, lallen da aka zana min ran Juma'a ya kama ya rufe 'yan tabon da waya ta yi min a yatsu. Ina sama ina jin motarsu ta tsaya, ina jin muryar Kawu Maikano tun daga bakin ƙofa. A al'ada ango ba ya zuwa irin wannan zama, amma Ameen ne ya tuƙo su, Abba kuma ya ce ya shigo, nan ba Zariya ba ce da za a bar baƙo a mota cikin ruwan sama.

Bayan gaishe-gaishe da addu'a aka kira ni. Na sauko na durƙusa kusa da ƙofa na gaida kowa. Ameen yana can lungu kan kafet, kansa ƙasa, makullin mota a hannunsa yana juyawa.

Kawu ya ce, "To Malam Gimba, mu dai mun shirya. Har wurin aikinta na sa an gyara. Da an ɗaura aure sai ta fara."

Abba ya ce, "Alhaji, yarinyar tana da magana a kan wannan. Na ce ta faɗa da kanta."

Kowa ya juyo gare ni.

"Kawu, Hajiya, na gode da abin da kuka yi min. Wallahi na san don kuna sona ne. Amma ba zan iya barin sana'ata ba. Na ɗauki inshorar da in rauni ya kwantar da ni za a riƙa biyana. Ba cikakkiya ba ce, ban da hannuna na hagu, kuma sai an jira kafin su fara. Na fara tanadin wannan jiran. Zan bi Ameen Birmingham da van ɗina, can ma akwai matan da ke buƙatar irina. Ba zan zama nauyi a kansa ba in Allah ya yarda."

"Ban da hannun hagu," Hajiya Habibatu ta maimaita a hankali. "In ta nan abin ya zo fa?"

"To ya zo ta inda ban da kariya, Hajiya. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Umma ta rufe fuska da mayafi. Kawu ya buɗe baki ya rufe, abin da ban taɓa gani ba.

Hajiya ta dube ni, kuma wallahi babu ƙiyayya a idonta. "'Yata, kin yi gaskiya, na yaba miki. Ni ma zan yi miki gaskiya. Na binne miji a kan irin wannan ƙarfin halin. Ba zan sa hannu ɗana ya shiga ba." Ta gyara mayafinta ta miƙe. "Malam, ku yi haƙuri, mun ɓata muku abinci. Yaya, mu tafi. Ameen, tashi."

Kawu ya miƙe yana gyara babbar riga. Ni ina durƙushe, na kafe idona a kan zanen kafet, na ce wa kaina Widad, kar ki yi kuka a nan, ki bari su fita. Na ji takun Hajiya ta wuce ni, ƙamshin turarenta ya bi ta. Na ji an buɗe ƙofar waje, ƙarar ruwan sama ta shigo.

"Ameen," ta sake kira daga bakin ƙofa.

Sai a lokacin na ɗaga kai. Ya taso, ya zo har inda take, ya durƙusa a gabanta a ɗan siririn corridor ɗinmu, tsakanin takalman baƙi.

"Hajiya, ban taɓa ƙin bin maganarki ba, kuma yau ma ni zan mayar da ke gida. Tsoron da kike ji ni ma shi nake ji, ko barci ba na yi. Amma na ɓoye mata gaskiya na kai ta gaban tebur, ita kuma ta zo gaban kowa ta faɗi tata har da inda ba ta da kariya. Ki ba ni izini in yi magana da mahaifinta kafin mu tafi. Don Allah, Hajiya."

Ba ta ce eh ba. Ba ta ce a'a ba. Ta kalli kansa. Sannan ta miƙa hannu ta zare makullin daga hannunsa, ta fita cikin ruwan, Kawu ya bi ta da lema.

Ameen ya dawo falo ya zauna a gaban Abba, gwiwa bibbiyu. Bai kalle ni ba.

Abba ya ce, "Uwata, ke da Ummanki ku ba mu wuri."

Muka fito, Abba ya tura ƙofar. Na zauna a kan matakala da leshina, Umma ta tsaya a ƙasa tana kallona. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta hawo a hankali, ta zauna kusa da ni a wurin da bai ishe mu mu biyu ba, ta kamo hannuna na hagu ta riƙe a cinyarta.

Ta gilashin ƙofar waje ina hango motarsu. Hajiya tana zaune a gaba, makulli a hannunta, ba a tayar da injin ba. Jiransa take, ta ba shi lokacin da ya roƙa.